Funfuna a Akwatin Jita: Dalilinta da Yadda Ake Kawar da Ita

Funfuna halitta ce mai rai wadda take yaɗuwa ta hanyar ƙananan ƙwayoyin iri da ido ba ya gani, waɗanda iska take ɗauke da su a kusan kowane ɗaki, kuma sun fi tsiro a inda suka sami laima da duhu da abin da za su ci. Akwatin jita ya haɗa duka ukun, domin cikinsa an lulluɓe shi da yadi mai laushi da aka manna da gam a kan soso ko siririn katako, ga shi kuma yana shafe makonni a rufe a ƙarƙashin gado ko jingine da bango mai sanyi. Masu ƙera jita suna ba da shawarar laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, funfuna kuwa takan samu wurin zama idan laimar ta daɗe sama da kashi 70, abin da marka ta watan Agusta take kawowa cikin sauƙi.

Wani lokacin ma mai jitar ne yake gayyato ta da hannunsa, domin a hunturu wasu makaɗa suna sanya jiƙaƙƙen soso a cikin akwatin don kada katakon ya tsage, sai su manta da shi har damina ta faɗi.

Matakin farko na kawar da funfunar shi ne raba jitar da akwatinta, saboda maganin da ya dace da ɗaya yana iya lalata ɗayan. Akwatin ana fitar da shi waje, mai aikin ya sanya takunkumi, musamman idan yana da asma, sannan ya kakkaɓe busasshiyar funfunar da buroshi mai laushi ta yadda ƙurar ba za ta koma ɗaki ba. Bayan haka sai a shafa farin khal ko sifirit da ɗan ƙyalle, ba tare da an jiƙa yadin sharkaf ba, tun da ruwan da ya ratsa cikin soso shi ne zai ciyar da funfunar da za ta biyo baya. Bilic, duk da sunan da ya yi wajen wanki, bai dace a nan ba, domin yana kashe launin yadin kuma yana sa makullan ƙarfe su yi tsatsa. Daga nan a bar akwatin a buɗe cikin rana da iska na kwana biyu ko uku, warin da ya saura kuma gawayi ko bekin soda a cikin buɗaɗɗen kwano yakan shanye shi.

Ita jitar ba a kai ta rana, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe sassanta, sifirit kuma yana narkar da wasu nau'o'in fentin da ke jikinta. Ƙyalle mai ɗan danshi sannan busasshe ya wadatar, tare da sauya tsirkiyoyin da suka yi tsatsa. 'Yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, suna rage laima idan aka zuba su a akwatin a lokacin damina. Idan kuwa warin ya dawo bayan an maimaita aikin, alama ce funfunar ta shiga cikin soson da katakon, kuma sayen wani akwati ya fi gyaran jita araha.