Wasiƙa Daga Riyad: Kafin Ka Sayar Da Gona Don Neman Aiki A Tsibiri

A 'yan shekarun nan da wuya mako ya wuce ba mu sami saƙo daga gida ba, ko daga Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, wani lokacin ma daga zangon Kumasi. Saƙon kusan iri ɗaya ne: hoton wani tsibiri mai farin yashi da shuɗin ruwa, ga otal a tsakiyar teku, sannan a ƙasa a rubuta, "'Yan'uwa, ance ana ɗaukar ma'aikata a nan, ku taimaka mini da biza." Da yake mu ne matasa ke tuntuɓa a tsakanin Hausawa mazauna Riyad, muka ga ya dace mu ba da amsa guda ɗaya a wannan fili, domin wanda ya tambaya da wanda yake shirin tambaya duk su ji.

Da farko dai, tsibiran nan ba ƙarya ba ne. A gabar Bahar Maliya, tsakanin garuruwan Umluj da Alwajh, akwai tsibirai fiye da 90 da gwamnatin Saudiyya ta ware don yawon buɗe ido a ƙarƙashin shirinta na Burin 2030, wanda aka ƙaddamar a 2016. An buɗe filin jirgin sama a yankin a 2023, kuma a 2024 manyan otal-otal sun fara karɓar baƙi a tsibiran Ummahat da Shaibara. Ana ɗaukar masu girki da masu gyaran lantarki da matuƙan jiragen ruwa da sauransu. Sai dai kamar yadda Kanawa kan ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakanin hoton da ke cikin wayarka da wannan aiki akwai wata 'yar takarda mai suna igama, wato katin izinin zama, kuma mu da aka haifa a ƙasar nan mun fi kowa sanin nauyinta.

Yadda kakanninmu suka zo

Mai karatu, mu ba jiya muka zo ba. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a cikin shekarar, jama'a masu yawa sun nausa gabas da niyyar Makka. Wasu suka yada zango a Sudan, inda ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Wasu suka yi shekaru suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira suna tara guzuri, kafin su isa Sawakin, tsohon garin da ke kan wani ɗan tsibiri, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar da yau ake yi cikin 'yan sa'o'i, a da takan ci wa mutum shekara biyar ko goma. Ana haihuwa a hanya, ana kuma binne mutane a hanya.

Daga cikin waɗannan mutane aka sami iyalan da a yau ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi. Waɗanda suka daɗe, aka kuma rubuta su tun farkon kafuwar masarautar, sun zama cikakkun 'yan ƙasa. Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ne ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, kuma Umar Hausawi ya daɗe yana tsaron baya a ƙungiyar Al-Nassr ta nan Riyad. To amma akwai kashi na biyu, waɗanda iyayensu suka zo daga baya, ko suka yi sakaci da rajista a lokacin da take da sauƙi. Da yawa daga cikinmu daga wannan kashi muka fito. A dokar ƙasar nan, haihuwa a Riyad ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, domin ta wajen uba ake bin asali. Don haka za ka ga saurayi da Larabcin Najdu a bakinsa, bai taɓa ganin Kurmi ko Kantin Kwari ba, amma duk shekara sai an sabunta masa izinin zama a garin da aka yanke cibiyarsa.

Lissafin da ejan ba zai gaya maka ba

Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Saudiyya sun kai miliyan 32.2, daga ciki miliyan 13.4 baƙi ne. Wato ba kai kaɗai kake neman aikin ba. Akwai mutumin Bangladash da na Indiya da na Pakistan da na Masar da na Filifin, kowa riƙe da takardar shaidar sana'arsa.

Bayan haka, ƙofofin da iyayenmu suka shiga ta ciki suna ta rufuwa. A 2011 aka fito da tsarin Niɗaƙat, wanda ya tilasta wa kowane kamfani ɗaukar wani adadi na 'yan ƙasa. A 2016 aka keɓe sayar da wayoyin hannu da gyaransu ga 'yan ƙasa kaɗai, alhali a wannan sana'a yayyenmu da yawa suke cin abinci a kasuwar Baɗha. Tsohuwar dabarar buɗe shago da sunan Balarabe kai kuma kana juya dukiyar, wadda ake kira tasattur, yanzu hukuncinta yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Sai kuma kuɗin iyali. Tun daga watan Yulin 2017 aka ɗora wa ma'aikaci baƙo riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa. Kuɗin ya riƙa hawa duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Ka yi lissafi da kanka: mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar zai biya riyal 2,400 a wata, wato 28,800 a shekara, ban da haya da abinci da magani. Mun ga magidanta da furfura a gemu suna kuka a filin jirgi, sun tura iyali zuwa ƙasar da yaran ba su sani ba, saboda albashi ya kasa ɗaukar wannan nauyi. Hayar gida kuwa ta yi tashin da sai da gwamnati ta dakatar da ƙarin haya a Riyad na tsawon shekara 5 daga watan Satumbar 2025.

Wanda yake mafarkin iskar teku kuma ya sani, yawancin ayyukan da baƙo ke samu suna cikin manyan birane ne, kuma Riyad a tsakiyar hamada take. Da bazara zafi kan haura maki 45, shi ya sa doka ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Da hunturu kuma sanyin dare sai ka ce a Jos kake.

Ramuka uku

Rami na farko shi ne bizar Umra. Ba ta halatta aiki ba, ko na kwana ɗaya. Ejan zai ce maka, "Kai dai ka shiga, sauran mai sauƙi ne, 'yan'uwanka suna can." Muna nan ɗin, amma ba mu da ikon mayar da bizar ibada ta zama igama. Ranar da wa'adinta ya cika, ka zama abin da a gida ake kira takari: ba ka iya buɗe asusun banki, ba ka iya kama haya da sunanka, kana tsoron asibiti, kana tsoron jiniyar shurɗa. Bara waccan wani yaro ɗan ƙasar Katsina ya iso wurinmu bayan mahaifinsa ya sayar da gona an biya wani ejan. Wata bakwai ya yi yana wankin mota a ɓoye, yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum tara. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, karo-karo muka yi muka sayo magani. A ƙarshe an kama shi a bakin titi, ya bi ta tarhil, wato gidan da ake tsare waɗanda za a mayar gida, ya koma da jakar leda ɗaya. Gonar kuwa ta tafi.

Ba shi kaɗai ba ne. A watan Nuwamban 2013, da wa'adin afuwar da aka bai wa marasa takarda ya ƙare, an yi kame mai tsanani har rikici ya ɓarke a unguwar Manfuha ta nan Riyad, aka rasa rayuka. A 2017 aka sake ba da kwana 90 kowa ya fita salin-alin. A watan Janairun 2021 ma jirage sun sauke ɗaruruwan 'yan Nijeriya a Abuja daga wuraren da aka tsare su. Yanzu kuma da hoton yatsa ake aiki, wanda aka kora ba zai canza suna ya dawo kamar da ba.

Rami na biyu shi ne abin da ake kira biza hurra. Wani ne zai sayar maka da bizar aiki, alhali ba shi da aikin ba ka, ka riƙa nema a waje kana biyansa duk wata. Doka ba ta san da wannan ciniki ba. Ranar da kuka saɓa, ko ya ga dama kawai, sai ya rubuta cewa ka gudu daga aiki, wato hurub, shi ke nan ka koma layin marasa takarda duk da kuɗin da ka kashe.

Rami na uku na 'yan'uwanmu mata ne da ake kawowa aikatau. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki ranar 14 ga Maris, 2021, wanda ya bai wa ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara guda da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Su tsarinsu daban ne, ta manhajar Musaned ake ɗaukarsu. Duk uban da zai bar 'yarsa ta taho ba tare da ya ga kwantiragi da sunan gidan da za ta ba, to ya san amana ce ya saki.

Hanyar da take ɓullewa

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa kowa ya zauna gida. Arziki na Allah ne, kuma muna da 'yan'uwa likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya da suke zaune cikin mutunci a garin nan. Muna da ɗaliban da suka zo da tallafin karatu a Jami'ar Sarki Sa'ud da Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud. Ahmed Musa ma da kwantiragi ya zo Al-Nassr a 2018, ya ci kofin ƙasa da ita, ya tafi lokacin da ya ga dama. Ayyuka kuma suna gaba: jirgin ƙasan cikin birnin Riyad ya fara jigila a watan Disambar 2024, ga bikin baje kolin duniya na 2030, ga gasar cin kofin duniya ta 2034. Abin da ya raba waɗannan da yaron can na Katsina shi ne ta ƙofa suka shigo.

Saboda haka ga shawararmu. Ka fara da sana'a mai shaida, ko walda, ko aikin famfo, ko lantarki, ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko girkin otal, domin tun 2021 aka fara yi wa masu sana'ar hannu jarrabawar tantancewa. Ka koyi Larabcin yau da kullum da ɗan Turanci, don a otal-otal na tsibiran nan da Turanci ake magana da baƙi. Ka tabbata ejan ɗinka yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, in kuma ka ga alamar safarar mutane, hukumar NAPTIP tana nan. Ka nemi a nuna maka kwantiragi mai ɗauke da sunan kamfani da albashi da masauki da inshorar lafiya, ka kuma sani cewa a nan ana tabbatar da kwantiragi ne ta manhajar Qiwa, inda kai da kanka za ka danna amincewa. Kuɗin igama da na izinin aiki a wuyan kamfani suke, kuma doka ta hana kafili riƙe fasfonka. In ka sauka, ka kai kanka ofishin jakadancin ƙasarku, ka kuma nemi jama'arka tun kana da lafiya, kada sai ranar da aka rasa mai ɗaukar makara.

Ga iyayenmu da ke zaune a nan da sauran zangunan duniya kuwa, roƙonmu ɗaya ne: a yi wa yara takardu. A yi rajistar haihuwa, a yi musu fasfo, a riƙa kai su gida suna ganin dangi, a kuma bar musu Hausa a baki. Mun ga samarin da aka sauke a Kano ba su san sunan unguwar kakansu ba, ba su iya ko cinikin tumatir ba. Wanda ya gina ɗaki ɗaya a gida ya yi wa 'ya'yansa tanadin da ya fi mota a Riyad.

Kakanninmu sun ratsa daji da teku da ƙafa da kwale-kwale a zamanin da babu mai tambayar kati. Wancan zamani ya wuce, kuma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Duk mai son zuwa, ƙofarmu a buɗe take ga tambaya. Ka turo mana hoton kwantiragin mu karanta maka kafin ka biya ko sisi. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.