Yadda Manhaja Take Jiran Saƙo a Cikin Kwamfuta

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da na koya a darasin kwamfuta, watau yadda manhaja take jiran saƙo ba tare da ta tare wa sauran hanya ba.

Misalin da zan kawo shi ne QNX, babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda Gordon Bell da Dan Dodge suka ƙirƙira a ƙasar Kanada, ta fito kasuwa a 1982. Ana sa ta cikin motoci da na'urorin asibiti, inda jinkiri kaɗan yakan jawo babbar hasara.

A cikin QNX, kowane kayan aiki, kamar faifan ajiya, yana da ƙaramar manhaja mai kula da shi, wadda ake ce wa manajan kayan aiki. Duk manhajar da take son karantawa ko rubutawa a faifan, sai ta aika wa manajan nan saƙo. To, yaya yake sanin saƙo ya zo?

Da zai yi ta leƙawa kowane lokaci, da ya cinye ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta a banza. Saboda haka sai ya ba da umarnin da ake kira MsgReceive, nan take a dakatar da shi kamar mai barci, a ba wasu manhajojin fili. Da zarar saƙo ya iso, sai a tashe shi. Idan kuwa saƙonni sun taru, na manhajar da ta fi muhimmanci ake fara miƙa masa, kamar yadda malamin asibiti yakan fara duba wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Ita ma mai aikowa dakatar da ita ake yi har sai manaja ya karɓa, ya yi aikin, ya mayar da amsa. A nan haɗarin yake. Idan manaja ya karɓa bai amsa ba, ta maƙale ke nan. Haka kuma idan manhajoji biyu suka aika wa juna saƙo lokaci guda, kowacce za ta zauna jiran 'yar'uwarta, aiki ya tsaya cak. Shi ya sa masana suka kafa doka: na ƙasa ya aika wa na sama, na sama kuwa amsa kawai zai mayar.

Ina fata wanda zai karanta ilmin kwamfuta a cikinmu zai riƙe wannan doka da kyau.