Tsofaffin Bututun Ruwa A Gidajen Tarauni Da Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya ratsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi, ko Tarauni, ko Unguwa Uku, ya kuwa riƙa duban ƙasa, lalle zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura. Zai ga siririn bututun ƙarfe ya fito daga gefen titi, ya bi ta cikin kwata, sa'an nan ya shige ƙarƙashin bangon gida. Wani wurin an ɗaure shi da tsohuwar robar taya, wani wurin kuwa tsatsa ta ci shi ya yi ja wur. Ta cikin wannan bututu ne ruwan da iyali ke sha yake bi. A kansa muke so mu yi magana da akawuna da malaman makaranta, domin da yawansu a irin waɗannan gidaje suke zaune, waɗansu gado, waɗansu haya.

Ruwan famfo ya daɗe a Kano. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta Kano ta ɗauki kuɗi daga baitulmalinta ta kafa ma'aikatar ruwa a bakin kogin Calawa wajen Fanshekara. A farkon shekarun 1930 ruwa ya fara zuwa, ana tura shi bisa Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin birni. A wancan lokaci Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ƙauyuka ne a bayan ganuwa, gonaki sun kewaye su. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kuma gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sai gari ya miƙe ta hanyar Zariya da hanyar Maiduguri, ma'aikata da 'yan kasuwa suka sayi filaye suka yi gini, Gwamnati ta gina rukunin gidajen Kundila. A 1996 Tarauni ta zama Ƙaramar Hukuma, ƙidayar 2006 kuwa ta sami mutum fiye da 220,000 a cikinta.

To, yawancin gidajen da aka gina a waɗancan shekaru da bututun ƙarfe aka ja musu ruwa. Shi kuwa wannan ƙarfe, ko da an shafe shi da sinadarin hana tsatsa, in ya yi shekara 40 ko 50 ya gama aikinsa. Daga ciki yake fara lalacewa. Tsatsa ta taru ta tsuke hanyar, ruwa ya riƙa fitowa siriri kuma jaja-jaja, maigida ya yi ta zargin ma'aikatar ruwa, alhali rabin laifin yana binne a tsakar gidansa. Daga nan sai mahaɗa ta fara yoyo.

Ɗigon famfo abin rainawa ne a ido. Amma famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a yini da kwana, irin wadda muke saya hannun 'yan garuwa. Wannan hasarar aljihu ce kawai. In yoyon yana gindin bango, musamman ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, ruwan zai yi ta jiƙa harsashin ginin a ɓoye, sai damina ta zo ta ƙarasa. Sau da yawa bangon da aka ce ruwan sama ya kayar, famfo ne ya fara cinsa tun da rani.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Kowa ya sani ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Muddin bututu yana cike, ruwa ne ke fita ta wurin hujin. Da zarar an ɗauke ruwa, sai bututun ya koma zuƙa, ya jawo abin da ke kewaye da shi. In a cikin kwata yake kwance, ruwan kwata zai sha. Ran da aka kawo ruwa, wannan ƙazanta ita ce farkon abin da zai sauka a bokitin uwargida. Masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye da bututun titi suna ƙara ƙarfin wannan zuƙa, su cuci kansu su cuci maƙwabta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren nan kuwa shi ne ciwon amai da gudawa, watau kwalara, da zazzaɓin taifot.

Turawa ma da wahala suka koyi wannan darasi. A 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa ta birnin Landan, har wani likita mai suna John Snow ya bi diddigi ya gane daga famfon rijiya guda mamatan suke ɗibar ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin bayan gida na wani tsohon gida ne ke tsiyaya cikin rijiyar. Mu nan Nijeriya cutar ta shigo mana a ƙarshen 1970, a 1991 kuwa ta kashe mutum fiye da 7,000 a ƙasar.

Labarin rijiyar Landan ya shafe mu ƙwarai, domin da ruwan famfo ya yi ƙaranci mutane da yawa sun koma ga rijiya da burtsatse. Masana kiwon lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. Filayen unguwannin nan ba su da wannan faɗi, ga shi kuma an rarraba gidaje da yawa wajen rabon gado, kowane sashe ya haƙa nasa rami. Saboda haka tilas maƙwabta su yi shawara da juna kafin a sa diga a ƙasa, kada rijiyar wani ta zama magudanar wani.

Wa zai gyara? Hukumar ruwa tana kula da babban bututun titi, amma abin da ya shiga gida nauyin maigida ne. A nan ne mai gyaran famfo yake shigowa. Galibinsu a hannun ubangida suka koyi sana'ar, waɗansu kuwa a makarantun koyon sana'a, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske. Ga alamun da muke ba da shawara a duba. Gwani ba ya fara fasa bango sai ya binciko inda yoyon yake. Yakan rufe dukan famfunan gida da dare, ya sa alama a jikin tanki, da safe ya duba ko ruwan ya sauka. Yakan rubuta kayan da za a saya dalla-dalla, ya ware kuɗin aikinsa daban, har ya yarda maigida ya bi shi kasuwar Ƙofar Ruwa a saya tare. Ba ya yarda ya mayar da sabon bututu cikin kwata inda ya ciro tsohon, ko da za a ƙara tsawo.

Yanzu bututun roba ya maye gurbin ƙarfe, ba ya tsatsa, ya kuma fi araha. Amma shi ma da sharaɗinsa. Farin nan ko toka-toka da ake haɗawa da gam na ruwan sanyi ne, rana kuma tana gasa shi har ya tsage, don haka a binne shi ko a rufe. Na ruwan zafi shi ne koren da ake narka bakinsa da inji a haɗa. A guji mai ɓawo siriri don neman sauƙi, araha ba ta ado. Har wa yau a tuna tanki mai cin lita 1,000 nauyin ruwansa kilo 1,000 ne, bai kamata a ɗora shi kan soron azara ko tsohon bango ba, sai a yi masa ƙafafunsa na ƙarfe ko na bulo.

A zamanin En'e, duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa da masai da kwata, har an kafa makarantar koyar da su a Kano tun 1932. Yau jama'a ta yi yawa, ba yadda ma'aikatan tsafta za su leƙa kowane zaure. Muna roƙon akawu ya fara da gidan da yake ciki, in haya ce ya zauna da mai gidan a raba kuɗin gyara a cire daga na haya. Malami kuwa ya fita da yaransa bakin kwatar makaranta ya nuna musu bututun da idonsu, su kai labari gida. Kafin damina ta faɗi, kowa ya bi bututunsa daga titi har zuwa randa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.