Ƙafar Gaban Babur Da Hanyoyin Fadamar Rima

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce a kan kwalta, kuma kowane irin babur yana iya yin ta ba da wata wahala ba. Amma fa akasarin ma'aikatan karkara na wannan yanki ba a bakin kwalta aikinsu yake ba. Malamin gona da malamin asibiti da malamin makaranta, duk sai sun saki babban titi sun gangara fadamar Gulbin Rima kafin su kai ga jama'ar da aka ɗauke su aiki dominta. A nan ne babur ke nuna halinsa, kuma abin da ya fi shan wuya a jikinsa shi ne ƙafar gaba, watau bututan nan biyu masu riƙe da tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shokazoba.

Hanyar fadama kuwa ba ta da hali ɗaya. Daga watan Yuni zuwa Satumba laka ce da taɓo. A ƙarshen damina gulbi yakan cika ya batse, kamar yadda aka gani a ambaliyar shekarar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma yanke hanyoyi da gadoji a sassa da dama na Jihar Kebbi. Idan ruwa ya janye, sai sawun shanu da na amalanke da na tarakta su bushe su yi tauri kamar dutse. Da hunturu ƙura ce, da bazara kuma zafi yakan haura digiri 40, ga rairayi a kan tudu. Babur guda ne zai ratsa duk waɗannan cikin shekara ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai babur ya je wurin makaniki ya ce a ƙara wa gaban mashin ɗinsa ƙarfi. Abin da ya kamata a tantance shi ne wane ƙari ne ke da amfani, wane ne kuma ke jawo haɗari.

Irin Baburan Da Ke Bin Hanyar

Tsofaffin ma'aikata ba za su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da aka biya kuɗin Udoji, babura suka cika gidajen ma'aikata. A daidai wannan zamani ne aka kafa ayyukan raya noma na Gusau da Funtuwa da Gombe da taimakon Bankin Duniya, daga baya kuma irin wannan aiki ya game tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda daga cikinta aka fitar da Jihar Kebbi a 1991. Malaman gona na wancan lokaci sun san babur mai dogayen ƙafafu, wanda aka ƙera don ya bi kwalta ya kuma shiga daji. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya yayata wannan samfuri da baburinsa DT-1 a 1968, sa'an nan Honda da Suzuki suka fito da nasu.

Bambancin irin wannan babur da na gari a bayyane yake. Tayarsa ta gaba takan kai inci 19 ko 21, ta baburin gari kuwa inci 17 ko 18 ce. Ƙafarsa ta gaba tana iya nutsewa santimita 18 zuwa 25 kafin ta kai ƙarshe, ta baburin gari kuwa ba ta cika wuce santimita 12 ko 13 ba.

A yau ma'aikatu da hukumomin lafiya suna da ragowar irin waɗancan babura masu dogayen ƙafafu, amma mafi yawan abin da ke bin fadama baburan gari ne ƙirar Indiya da Sin, irin su Bajaj Boxer da Haojue, waɗanda 'yan kabu-kabu ke hawa. Aikin da ke kansu kuma ƙaruwa ya yi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, zirga-zirgar taki da iri da injin ban-ruwa da jarkokin fetur zuwa fadama ta yawaita rani da damina. Ke nan baburin da aka ƙera don titin gari ya zama jakin fadama.

Abin Da Ke Cikin Bututu

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin ƙafar. Kowace ƙafa bututu biyu ce, ƙarami mai ƙyalli yana shiga cikin babba. A ciki akwai sifirin, akwai mai, akwai kuma wani ɗan sanda mai ƙananan huji. A bakin babban bututun akwai robar da ke tare mai, wadda ake kira sil. Wannan tsari ya daɗe, domin tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi kasuwa a baburinsa R12.

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyi da shanye bugun rami. Sai dai sifirin shi kaɗai ba ya iya zama wuri ɗaya; idan aka danna shi aka saki, tsalle zai dinga yi. Mai ne ke ladabtar da shi. Duk lokacin da ƙafar ta nutse ko ta miƙe, dole man ya bi ta waɗannan ƙananan huji, wannan kuwa shi ke rage saurin motsin.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ɗaliban kimiyya za su gane. Idan saurin da mai ke bi ta huji ya ninka sau biyu, turjiyarsa takan ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa irin wannan ƙafa takan yi laushi ta durƙusa idan aka kama birki, domin motsin a hankali yake zuwa, amma ta ƙage kamar sanda idan taya ta daki busasshen sawun tarakta da gudu. Mai babur yana jin matsala biyu masu kama da kishiyoyin juna, alhali tushensu ɗaya ne.

Har wa yau, jin daɗin zama ba shi ne babban amfanin shokazoba ba. Babban amfaninta shi ne ta riƙe taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta kuma bin inda aka juya kan babur. Idan aka kama birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa.

Gyaran Da Ke Cutarwa

Dabara ta farko da aka saba gani ita ce ɗura tsohon baƙin man da aka juye daga inji cikin ƙafar, wai don ta yi ƙarfi. Wannan mai yana ɗauke da garin ƙarfe da dauɗa, waɗanda ke cin sil da bututu a hankali. Ga shi kuma da kauri, musamman da sanyin asuba na hunturu, har ƙafar ta kasa komawa mazauninta kafin ta iske rami na gaba. A kan hanya mai gargada sai ta yi ta nutsewa har ta ƙure.

Ta biyu ita ce cusa guntun fayif ko tarin notuna a saman sifirin. Ya kamata a fahimci cewa wannan ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan. Ɗaga gaban babur kawai yake yi. Idan ya yi yawa, sai ƙafar ta miƙe ƙyam, ba ta da sauran abin da za ta miƙa idan taya ta faɗa rami, kuma zoben sifirin suna iya haɗuwa da juna tun ƙafar ba ta gama nutsewa ba.

Ta uku ita ce miƙar da bututun da ya lanƙwashe ta hanyar bugu ko gasawa da wuta. Ƙarfen da ya yi ƙwarya ko ya sha wuta ya riga ya raunana, kuma ba ya yin sallama ranar da zai karye. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Gyaran Da Ya Dace

Matakin farko shi ne a mayar da ƙafar yadda kamfani ya yi ta, gama ba a ɗora gini a kan rubabben tushe. A kwance ta, a zubar da tsohon mai, a wanke ciki da kananzir, a bar shi ya tsane. A mirgina ƙaramin bututun a kan shimfiɗaɗɗen gilashi don a ga ko ya karkace. A duba ƙyallinsa, domin tsatsa ko ƙwarzane kaɗan ya isa ya yanka sabon sil cikin 'yan kwanaki. A auna tsawon sifirin a gwada da abin da littafin babur ya faɗa. Idan ya gajarta, ya gaji ke nan. A kuma duba boris na wuyan babur, domin sau da yawa ƙwanƙwasar da ake ɗora wa shokazoba daga wuya take fitowa.

Mataki na biyu shi ne mai. Man shokazoba na musamman yana zuwa da lamba, 10W ko 15W. Inda ba a same shi ba, tsofaffin littattafan Honda sun yarda da jan man nan na giyar mota da ake kira ATF. Ko wanne aka zaɓa, ya zama sabo, a kuma zuba daidai wa daida a ƙafafun biyu. Akwai wani sirri a nan: iskar da ta rage a saman mai ita ma sifirin ce. Idan aka ɗan ƙara tsawon mai da kamar santimita 1, ƙafar za ta ƙara turjiya a ƙarshen nutsewarta ba tare da ta yi tauri a kan ƙananan duwatsu ba. Idan aka cika da yawa kuwa, sil ne zai fashe.

Mataki na uku shi ne awo, kuma ba ya cin ko kwabo. A ɗaga tayar gaba sama, a auna tsawon bututu mai ƙyalli da ke waje. Sa'an nan a sauke, mahayi ya hau da kayan da ya saba ɗauka, a sake aunawa. Abin da ya nutse ya kamata ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukan nutsewar ƙafar. Ga baburin da ƙafarsa ke nutsewa santimita 12, ana neman santimita 3 zuwa 4 ke nan. Idan ya wuce haka da kaɗan, ɗan gajeren fayif da aka yanka daidai a ɓangarorin biyu zai gyara. Idan ya wuce da yawa, sifirin ne ya yi wa nauyin rauni, sai a nemi wanda ya fi shi ƙarfi.

Mataki na huɗu shi ne a sa wa bututun safar roba mai naɗe-naɗe. Ƙurar hunturu da lakar da ta bushe a jikin bututu su ne manyan abokan gaban sil, kuma da zarar mai ya fara zuba yana iya gangarawa har ya kai ga birki, musamman birki mai faifai. Kuɗin safar bai kai na sauya sil sau ɗaya ba.

A ƙasashen waje akwai wani ɗan bawul da kamfanin Race Tech na Amurka ke yi, wanda ake ɗorawa a kan sandan nan mai huji. Yana buɗewa idan bugu ya zo da sauri, ya rufe idan motsi a hankali yake, watau yana maganin matsala biyun da aka ambata a baya. Sai dai ba kayan kowace kasuwa ba ne, kuma ba shi da amfani ga ƙafar da ba a fara gyara ta ba.

Sauya Ƙafa Ɗungum

Wasu sukan ciro doguwar ƙafar baburin daji su ɗaura wa baburin gari. Wannan aiki yana yiwuwa, amma yana da sharuɗɗa. Doguwar ƙafa tana ɗaga gaba, ta mayar da nauyi baya, ta sa babur ya yi nauyin juyawa a kwana. Idan kuma aka ɗora buhun shinkafa a baya, sai gaban ya zama ba nauyi, kan babur ya kama rawa a cikin rairayi. Dole ne wuya da sandar taya da birki su dace da juna, wayar birki ta isa tsawon ƙafar idan ta miƙe duka, a kuma ɗaga baya gwargwadon yadda aka ɗaga gaba. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, gara ya tsaya ga ƙafar da babur ya zo da ita ya kula da ita.

Kira Ga Ma'aikatu Da Ɗalibai

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, sabon babur da kayan gyaransa sun yi tsadar da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya tunkara cikin sauƙi. Wannan ya ƙara wajabta a riƙe wanda ke hannu da kyau. Ya dace duk ofishin da ke raba wa ma'aikata babura ya ware kuɗin man shokazoba da sil da safar roba a cikin kasafinsa, ya kuma tsayar da lokaci guda a shekara, kamar watan Nuwamba bayan janyewar ruwa, don a kwance ƙafafun a duba. Malamin asibitin da ya faɗi a hanya da akwatin allurar rigakafi, ba shi kaɗai ya yi hasara ba, har da yaran ƙauyen da ke jiransa.

Ɗaliban aikin injiniya na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero su ma ga aiki a ƙofar gidansu. Suna iya auna ƙarfin sifirin iri-iri da ake sayarwa a kasuwanninmu, su fitar da jadawali da Hausa wanda zai nuna wa makaniki sifirin da man da suka dace da kowane nauyi. Takarda ɗaya irin wannan, idan aka manna ta a rumfunan makanikai daga Kalgo zuwa Augie, za ta hana karaya da yawa. Allah ya kiyaye hanya.