Turancin Yaro Ba Shi Ne Ma'aunin Makaranta Ba

Idan lokacin sa yaro a makaranta ya zo, iyaye da yawa abu guda suke saurare: shin ɗaliban makarantar suna jin Turanci? Da zarar uba ya ji 'yar shekara huɗu ta gaishe shi da Turanci, ta rera masa waƙar haruffa, sai hankalinsa ya kwanta, ya ciro kuɗin makaranta. Masu makarantun kuɗi sun san da haka, shi ya sa wasu har tara suke cin yaron da ya yi Hausa a aji. Amma wannan ma'auni yana auna haddar baki ne kawai. Yaro yana iya maimaita jimla ashirin ba tare da ya san ma'anar ko ɗaya ba, kuma irin wannan yaro ne ake tarar da shi a aji huɗu ya kasa karanta labari mai layi biyar ya faɗi abin da ya ƙunsa.

An taɓa gwada wannan lamari a aikace. Daga shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Da aka kwatanta su da waɗanda aka juya musu karatu zuwa Turanci tun a tsakiyar firamare, yaran Yarabanci sun fi fahimtar darussa, kuma ba a bar su a baya ba a Turancin ma. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 a Najeriya shi ma ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida. Dalilin a fili yake: wanda ake koya wa karatu da harshen da yake tunani da shi aiki ɗaya ke gabansa, wato haɗa harafi da sauti. Wanda ake koya wa da baƙon harshe yana fama da biyu a lokaci guda. Malaman zaure sun daɗe da gane wannan. Ba a biya wa ɗalibi Ahalari ko Ishmawi ba tare da an fassara masa kalma bayan kalma da Hausa ba.

Wani zai ce ai jarrabawar WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake yi, aikin gwamnati ma haka. Gaskiya ne, kuma makarantar da ta yi sakaci da Turanci ta cuci yaro. Sai dai tambayar ita ce yaushe, kuma a hannun wa. Malamin da shi kansa Turancinsa bai zauna ba, idan aka tilasta masa koyar da kasafi da shi, zai rubuta a allo ne yara su kwafa, ba bayani ba tambaya. Wani kuma zai ce 'ya'yan manya da Turanci suke farawa kuma suna cin jarrabawa. Su ai gidajensu cike suke da littattafai, ga malamin darasi na yamma, ga iyaye masu duba aikin gida. Ɗan da ba shi da waɗannan, aji ne kaɗai gatansa.

Saboda haka uban da ya je duba makaranta ya rage kallon fenti da kayan makaranta da motar ɗaukar yara. Ya nemi izini ya zauna a aji biyu na minti ashirin. Ya ƙirga yaran, ya ga ko kowa yana da littafi a hannu, ya saurara ko yara suna yi wa malami tambaya. Ya tambayi shugaban makaranta malamai nawa ke da takardar NCE, kuma shekara nawa suka yi a wurin, domin makarantar da ke sauya malamai kowane zango albashinta ne ba ya riƙe su. Sannan ya miƙa wa wani ɗan aji uku gajeren labari da Hausa, ya ce ya karanta ya ba shi labarin da bakinsa.