Gano Cuta da Farfaɗo da Majinyata a Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan ayyuka biyu da asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato yake gudanarwa, wato gano cuta da kuma farfaɗo da waɗanda ta yi wa illa. An kafa asibitin a shekarar 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take tallafa masa. Kyauta ake duba majinyata a cikinsa.

2.0 Suna da Yanayin Cutar

Sunan cutar ba shi da alaƙa da noman da Bahaushe ya sani. Asalinsa kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa, domin cutar cin naman fuska take yi. Takan fara daga dasashi, ta bi kumatu da leɓe da hanci, har ta taɓa ƙashi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu fama da tamowa, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Ba a ɗaukar ta daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da ba a yi wa magani ba sukan rasu.

3.0 Gano Cutar

Babu wani gwajin jini da ke tabbatar da noma. Idon likita da tambayoyin da zai yi wa uwa su ne madogara. Yakan duba cikin baki, sannan a auna nauyin yaro da kaurin damtsensa don sanin matsayin tamowa. Bayan kumburin dasashi na yau da kullum, wanda shi ne gargaɗin farko, cutar tana da matakai biyar: gyambon dasashi mai jini da wari, kumburin fuska, ruɓewar nama, tabo, sai nakasar da ke biyo baya.

A matakai biyu na farko, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. Sai dai tazarar da ke tsakanin kumburi da ruɓewa kwanaki ne kawai. A nan ne harshe ya shigo: iyayen da suka ɗauki ciwon a matsayin na iska, wurin mai maganin gargajiya za su fara nufa, kafin su iso asibiti lokaci ya ƙure. Shi ya sa ma'aikatan asibitin suke fita ƙauyuka suna wayar da kan jama'a.

4.0 Farfaɗo da Majinyata

Yaron da ya tsira yakan fita da rami a fuska, ko muƙamuƙinsa ya ƙage har ya kasa buɗe baki. Ci da sha da magana duk sukan gagare shi. Ba a gaggauta yi masa tiyata. Sai gyambo ya warke sarai, jiki ya murmure. Daga nan likitoci kan ɗebo fata daga wani sashe na jikinsa su cike gurbin, kuma sau da yawa aikin ba ya kammaluwa a karo ɗaya. Masu gashin ƙashi kuwa suna koya masa motsa muƙamuƙi kullum, domin in aka yi sakaci, bakin da aka buɗe zai sake ƙagewa. Akwai kuma masu ba da shawara da ke kwantar da hankalin yaro da iyayensa, saboda tsangwama takan hana irin waɗannan yara zuwa makaranta da shiga cikin tsara.

5.0 Kammalawa

A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Abin da ya rage wa masana Hausa shi ne samar wa cutar da alamominta sunaye tsayayyu, waɗanda uwa a karkara za ta ji ta gane tun ciwon yana dasashi.