Kafin a ce batir ya mutu

Daga garin Sarkin Hausa har Mayahi babu ruwan da za a saka jirgi. Gulbin Kaba kwari ne da ke zama a bushe mafi yawan shekara, kuma ko a tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, galibi da filafili da gora masunta ke tuƙi. Jirgi mai inji sai an gangara Gaya ko Yawuri a bakin kogin Neja, ko Baga a tafkin Chadi. Amma baƙin akwatin nan mai nauyi da ke tayar da injin babban jirgi a can, shi ne dai ke tayar da motar da ke kai gero da wake kasuwar Tasawa, da kamiyon da ke bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Bambancin shi ne mota idan ta ƙi tashi ana tara samari su tura, jirgi kuwa a tsakiyar kogi ba shi da mai turawa. Shi ya sa direban tudu ke da abin koyo a wajen matuƙin ruwa: a binciki batir tun yana da rai, kuma kada a yanke masa hukunci kafin a auna shi.

Abin da ke cikin akwatin

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859. Sai a 1912 motar Cadillac ta fito da demarer mai aiki da lantarki a Amurka. Kafin nan da hannu ake murɗa inji. A cikin batir mai volt 12 akwai ɗakuna shida, kowanne na ba da kusan volt 2.1. Kowane ɗaki jerin farantai ne na dalma, a nutse cikin ruwa mai asid. Idan ana jan wuta, asid ɗin yana manne wa farantan ya zama farin gishiri. Idan ana caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. Rayuwar batir ke nan, kai da komowa.

Farantan batirin tayar da inji sirara ne, an yi su don su saki wuta mai yawa, ampiya ɗaruruwa, cikin 'yan daƙiƙu, sannan alternater ya mayar musu nan take. Na sola kuwa farantansa masu kauri ne, suna jure a sha su a hankali dare guda. A ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba, an saba ciro batirin mota a yi cajin wayoyi ko a kalli ƙwallo har sai ya ƙare ƙaf. Duk lokacin da aka yi haka an rage masa kwana. Idan kuma aka bar shi makonni babu caji, gishirin nan ya daskare ya ƙi narkewa, to an yi asarar wannan sashe har abada.

Zafi ne ke kashe shi

Direbobi kan ɗora wa sanyi laifi, domin da asubar hunturu ce mota ke ƙin tashi. Gaskiyar magana, ɓarnar tun bazara aka yi ta. A Afrilu da Mayu zafin ƙasar Maraɗi kan haura digiri 40, a ƙarƙashin bonet kuwa abin ya fi haka nesa. Zafi na ƙafar da ruwan batir, yana kuma cin farantan. Ƙa'idar da masu ƙera batir ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan biyu. Da Disamba ta zo, man inji ya yi kauri, batir kuma ya rage kuzari saboda sanyi, sai raunin da ke ɓoye ya bayyana. A ƙara da girgizar hanya mai gargada, ko dukan igiyar ruwa a jirgi, wanda ke kakkaɓe farantan har gari ya taru a gindi ya haɗe ɗaki.

Kunne, ido, sannan mita

Bakanike mai hankali da kunne yake farawa. Idan aka murɗa makulli inji ya juya da ƙarfi amma bai kama ba, a ƙyale batir, a duba mai ko fulogi. Idan ya juya a kasale, ko aka ji ƙas-ƙas-ƙas, wuta ce ba ta isa ba. Idan shiru kake ji alhali fitilu na haske tar, a nemi laifin a makulli ko fis ko demarer. A injin jirgi a fara tabbatar da giya tana furi, domin da yawansu ba sa tashi sai haka.

Sai ido. A ɗaga bonet a kalli kawunan batirin. Sau da yawa za ka tarar da wani gari fari-fari ko shuɗi-shuɗi ya tsiro a kansu, maƙalin waya ya saki, an kuma cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani don ya kama. Wuta mai yawa ba ta bi ta irin wannan ƙofa. Taɓa wayar bayan an gwada tayarwa: inda ya ɗauki zafi, nan ne cikas. A kwance, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa ba tare da ta shiga cikin ɗakunan ba, a kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa giris. Batir da yawa da aka ce sun mutu a nan suke farfaɗowa.

Sannan mita. Batirin da ya huta ya kamata ya nuna volt 12.6 idan a cike yake, 12.2 rabi ke nan. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Idan inji na aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka, alternater ko bel ɗinsa ne ba sa ciyar da shi, kuma sabon batir ma haka zai ƙare. Sama da 15, dafa shi ake yi. Dabaru biyu da aka saba gani a gareji a guje su: haɗa kawunan biyu da waya don a ga tartsatsi, da cire kan batir inji na aiki don gwada alternater. Na farko na iya fasa batir a fuskar mutum, domin caji na fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Na biyu na ƙona kayan lantarkin injin.

Idan ruwa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara har ya rufe farantan. Ruwan rijiya na da gishiri, asid kuma ba ya ƙafewa balle a ƙara shi. Batirin da cikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya gama aiki.

Ranar canji

A sayi mai girma da ƙarfi daidai da abin da injin ke buƙata, dizal ya fi fetur cin wuta, a kuma duba ranar da aka ƙera shi, don batir na tsufa ko a kan kanta. A kashe inji, a cire zobe da agogo, a nisanta taba. Kan da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, shi kuma ake ɗaurawa a ƙarshe, saboda jikin mota duka a haɗe yake da shi. Idan ka fara da mai alamar tarawa, sifana ta taɓa ƙarfe, sai wuta ta tashi. Kan tarawa ya fi kauri, wayarsa galibi ja ce. A ɗaure batirin kada ya yi rawa. A jirgi a sa shi cikin akwati mai murfi, sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da jarkar fetur, kuma igiyar tayar da inji da hannu ta kasance a kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura tsohon. Dalma guba ce, musamman ga yara. A Thiaroye-sur-Mer, gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da ake fasa tsofaffin batir. A Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Don haka kada a fasa shi a tsakar gida, kada a narka dalmarsa a murhun girki, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo. A mayar da shi ga mai sayarwa a rufe yadda yake. Yana da kuɗi, kuma sau da yawa ana rage shi daga farashin sabo.